A Mayar wa Ɓerayen Masar da Tukunyarsu

Tun farkon zangon nan ake gardama a kan kejin ɓerayen Masar da 'yan ƙungiyar noma suka ajiye a bayan ɗakin gwaje-gwaje. An fitar da fasasshiyar tukunyar da dabbobin ke shiga su ɓuya, aka bar musu fili fetal. Masu wannan shawara sun ce ɓerayen sun cika tsoro, da sun ji motsi sai su faɗa tukunya, wanda ya zo kallo ba ya ganin komai sai wutsiyar ciyawa. A ganinsu in babu maɓoya dole su saba da mutane, musamman in ana yawan ɗaukarsu ana shafa su. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ba mu yarda da wannan ba. Muna ganin abin da aka yi zai ƙara musu tsoro ne, kuma in aka haɗa shi da zafin bazarar da ke tafe, ana iya wayar gari a tarar da kejin babu mai motsi.

Da farko ya kamata mu san ko wane ne wannan baƙon namu. Duk da sunansa, bai taɓa zama ɗan Masar ba. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ikwado, inda mutane suka yi dubban shekaru suna kiwonsa don nama, har yau kuma suna yi. Sai a ƙarni na 16 'yan kasuwar Turai suka tsallaka teku da shi. Turawan Ingila ma sun yi irin kuskurenmu, suka kira shi aladen Gini, alhali shi ba alade ba, ba kuma ɗan Gini ba. Masarar da muke gasawa ma daga can nahiyar Amurka ta fito.

Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne yadda danginsa na daji suke rayuwa. Suna kiwo ne a cikin ciyayi, garke-garke, kuma kusan duk mai cin nama yana nemansu: shaho daga sama, maciji da kyanwar daji daga ƙasa. Dubi jikinsa da kyau. Ba shi da ƙaho, ba shi da farce mai yaga, ba ya iya hawa bishiya, ƙafafunsa gajeru ne. Allah bai ba shi makami ba sai kunne mai kaifi, da idanu a gefen kai da ke hango abin da ke zuwa ta kusan kowace fuska, da saurin faɗawa rami. In ya ji abin da bai gane ba, ko dai ya daskare wuri ɗaya kamar dutse, ko garken ya watse kowa ya kama gabansa don mai farauta ya rasa wanda zai bi. Ko barci ba ya yi mai nauyi, guntu-guntu yake yi dare da rana, sau da yawa ido a buɗe. Hatta jaririnsa, bayan ciki na kusan mako 9 zuwa 10, da gashinsa da haƙoransa da idonsa a buɗe ake haifarsa, cikin 'yan sa'o'i ya fara gudu. Dabbar da aka haifa a shirye don gudu, ba a raba ta da gudu da ƙarfin tsiya.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan Yauri. Kowa ya taɓa ganin yadda 'yan tsaki ke rugawa ƙarƙashin uwa da zarar inuwar shirwa ta gifta tsakar gida. Wanda ya taɓa bin masunta zuwa bakin ruwa a Yelwa ko Wara ya san cewa in inuwarka ta faɗa kan ƙananan kifi, kafin ka ƙifta ido sun watse. Babu wanda ke cewa ɗan tsako wawa ne don ya gudu. To, hannun ɗalibi da ke saukowa ta saman keji, a idon ɓeran Masar, bai da bambanci da ƙafar shaho. Mu mun san wasa muke nufi, shi bai sani ba.

Masu cire tukunya suna da wata hujja da suke ganin ta fi ƙarfi. Sun ce tun da aka cire ta, in ka ɗauki ɓeran sai ya lafe a hannunka ko motsi ba ya yi, wato ya saba. A nan ne muke roƙon a tsaya a duba da kyau. Ɗora yatsa a ƙirjinsa ka ji yadda zuciyarsa ke bugawa, ka dubi idonsa da ya firfito. Daskarewar nan ce da muka ambata, ita ce dabararsa ta ƙarshe in hanyar gudu ta toshe. Wanda hankalinsa ya kwanta daban yake. Zai miƙe ƙafa ya kwanta a gefe, zai ci ciyawa kana tsaye, in ya ji takun mai kawo abinci ya yi ta fito da ƙarfi, ƙananan kuma su yi ta tsalle suna murɗa jiki a sama kamar gugguru a kasko. Tun da aka fitar da tukunyar, wa ya ƙara ganin wannan tsalle?

Abin da masu kiwonsa suka daɗe da ganewa shi ne, dabbar da ta san tana da wurin ɓuya kusa ita ce ke da ƙarfin halin fitowa fili. Ta leƙo, ta koma, ta sake leƙowa, har ta gane cewa wannan muryar ba ta cutarwa. Saboda haka tukunya ɗaya ma ba ta isa ba. Kowane ɓera ya kamata ya sami nasa maɓoyar, ko tsohon tulu ne, ko kwali mai ƙofa biyu, don in babba ya tare ƙofa ƙarami ya fita ta baya. Mai son su saba da shi kuma ya durƙusa daidai tsayinsu, ya miƙa ganye ta gefe, ya yi magana a hankali, ya riƙa zuwa a lokaci guda kullum. Makonni abin ke ɗauka, wasu ma har su tsufa ba sa son a ɗaga su, sai dai su karɓi abinci a hannu. In ɗauka ta zama dole, hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ya tallafe ƙugu, a manna shi a jiki, mai ɗaukar yana zaune a ƙasa. Kada a cafke shi ta fatar wuya, kada a miƙa shi daga hannu zuwa hannu kamar ƙwallo. Ƙashinsa ba ƙwari, faɗuwa daga tsayin tebur na iya karya shi. Mai ciki kuwa a ƙyale ta kawai.

Mun kuma ji ana cewa za a raba su, kowane aji ya ɗauki ɗaya ya riƙa kula da shi. Wannan ma a bar shi. Ɗan garke ne, in ya rasa ɗan'uwa sai ya takure ya rage cin abinci. A ƙasar Suwizalan tun 2008 doka ta hana mutum ya ajiye ɓeran Masar guda ɗaya tilo. Ba mu ce sai mun kwaikwayi Turawa a komai ba, amma a wannan sun yi gaskiya.

Sai maganar da ta fi damunmu, wato inda aka ajiye kejin. Rufin kwano ne a kansa, babu inuwa daga hantsi har la'asar, kuma taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙarfen da ake bugawa a matsayin ƙararrawa. Duk canjin darasi sai an girgiza su. In aka tashi tara kuma ga cincirindo, wani na buga ragar waya da biro don su motsa. Ɓeran Masar ɗan ƙasar sanyi ne, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 24, ba ya gumi, kuma da zafi ya doshi 30 yana cikin hatsari. Mu kuwa mun san Maris da Afrilu a Yauri, lokacin da ma'auni ke kai 40, mutum ma sai ya nemi gindin darbejiya. Dabbar da ke cikin firgici, ga zafi, ga babu inda za ta lafe, ba ta da nisa da mutuwa. Alamarta ita ce ta kwanta shame-shame tana haki, wani lokaci da dalala. Tsohuwar tukunyar ƙasar nan da aka raina, in aka yayyafa mata ruwa, sanyi take riƙewa kamar randa. Jiƙaƙƙen buhun algarara a gefen keji ma yana taimakawa, muddin an bar wa iska hanya.

Ciki ma yana da hannu a kwanciyar hankali. Haƙoransa ba sa daina girma, don haka ciyawa ce abincinsa na farko, kada ta yanke a gabansa dare da rana, sai ruwa mai tsabta. Kamar mu, jikinsa ba ya haɗa sinadarin bitamin C da kansa, sai ya ci a abinci. Wannan kamanni ne ya sa a 1907 wasu likitoci biyu na ƙasar Nowe, Axel Holst da Theodor Frølich, suka ga cutar nan mai sa dasashi kumburi da jini ta kama ɓerayen Masar da suka ciyar da hatsi zalla, abin da ya buɗe hanyar gano sinadarin. Robert Koch na Jamus ma da su ya yi aikinsa a kan tarin fuka a 1882. 'Yan ajin kimiyya su lura, wannan da ake tsokana da biro yana da tarihi a littafinku. Dusa kaɗai ba za ta riƙe shi ba, yana buƙatar ɗanyen ganye kullum, irin su ganyen dankalin Hausa, da ɗan tattasai mara yaji ko yankin gwaba. Amma mu 'yan ƙasar albasa sai mu kiyaye: lawashi da albasa guba ne gare shi, komai arharsu a kasuwa. Haka kuma kada wani ya ga ɗaya ba lafiya ya fasa masa kafso daga kemis. Magungunan dangin fenisilin da ke warkar da mutum suna kashe ɓeran Masar. A kai wa Malam, shi ya nemi likitan dabbobi.

Muna roƙon malaminmu na aikin gona da shugabannin ƙungiyar noma su mayar da tukunyar a wannan makon, su ƙara wasu, sannan a ɗauke kejin zuwa inuwar darbejiyar da ke bayan lambu, nesa da ƙararrawa, kafin sanyin hunturu ya gama janyewa. A ɗaga shi daga ƙasa saboda gafiya da maciji, a rufe samansa saboda shaho da kyanwa. A naɗa ɗalibai biyu ko uku su zama su ne masu ba da abinci duk zangon, har da Asabar da Lahadi, masu zuwa kallo kuma su riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Wanda gidansu ke da tsohon tulu ko tukunyar da ta tsage, ya kawo ta ofishin ƙungiyar 'yan jarida ranar Litinin bayan asambili, mu za mu kai.