Kafin ka tambayi Core nawa ce, duba allon

'Yan uwana matasan Damagaram, in ɗayanmu ya tara kuɗi zai sayi kwamfutar aiki, tambayarsa biyu ce: Core i5 ce ko i7? RAM nawa? Mai shago ya san haka, shi ya sa can yake kai mu. Allon kuwa, ekiran ɗin da za ka zuba wa ido awa takwas a rana, ba mai tambaya. Ni a ganina nan ne aka fi cutarmu.

Yawancinmu ta hannu muke saye, ko a nan Zinder ko a Beirut Road ta Kano. Irin su ThinkPad T450 da EliteBook 840 G3, kamfani ya fitar da su da allo iri-iri ƙarƙashin suna ɗaya. Wata 1366×768 ce, wata 1920×1080, wadda ɗigon hotonta ya kusa ninka na farko. Wata TN ce, da ka ɗan kauce launi ya dushe, wata IPS, ko daga gefe ka duba launin bai canja ba. A shago sai a haɗa su kuɗi ɗaya.

Ɗalibin Jami'ar André Salifou mai rubuta kundinsa, a ƙaramin allo ba zai jera takardu biyu gefe da gefe ba. Mai zana katin biki a Zango zai ga shuɗi a allonsa, injin bugawa ya fito da wani abu dabam, mai biki ya ce ba zai biya ba. Ga kuma ranar garinmu. Allon da haskensa bai wuce nits 220 ba, in ka zauna da shi a rumfa da tsakar rana, inuwar fuskarka za ka gani, musamman in mai ƙyalli ne. Nemi mai 300 zuwa sama, marar ƙyalli.

Wani zai ce min: da wannan ɗauke wutar, ai batir ne gaba. Da gaskiyarsa, kuma ƙure haske yana shan batir. Amma batir ana canja shi, RAM da SSD ma a irin waɗannan kwamfutoci ana ƙarawa daga baya. Sabon allo sai an yi oda, sai an dace da mai gyaran da ya iya, ciwon kai da jan ido kuma ka riga ka sha.

Saboda haka kada ka ji kunyar gwadawa, kuɗinka ne. Shiga saitin allo a Windows ka karanta lambar da idonka. Buɗe farin shafi, sannan baƙi, ka nemi tabo ko ɗigon da ya mutu. Karkata murfin gaba da baya. Fita da ita bakin ƙofa cikin haske. Mai shagon da ya hana ka waɗannan, akwai abin da yake ɓoyewa, ka wuce shago na gaba.