Wa Zai Ɗauki Nauyin Yaron Da Bayansa Ya Karye A Kara?

Akwai wata magana da muka daɗe muna kauce mata, a Kilomita Biyar da sauran wurare, yau kuwa sai mun faɗa.

A daminar bara muna lodin shanu a kasuwar Bubuwi, kilomita 45 a hanyar Bowali, wani bijimi ya fizge igiya ya maka yaronmu da jikin mota. Shekara tara yana tare da mu. Nan take muka yi kuskuren farko, aka kama shi hannu da ƙafa kamar buhun gero aka jefa a bayan mota. Daga baya likita ya ce mana wanda ya bugu a gadon baya shimfiɗa shi ake yi a kan katako, a ɗauke shi a miƙe, don kada ƙashi ya taɓa laka. Kuskure na biyu, mun yi kwana goma sha ɗaya tsakanin mai ɗori da mai ƙaho. Ba mu raina masu ɗori ba, sun ɗora mana hannu da ƙafa tun muna samari, amma baya daban ne. In ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, asibiti ake nufa a ranar, a ɗauki hoton ƙashi.

To, da aka zo biyan kuɗi sai kowa ya noƙe. Mai mota ya ce ba yaronsa ba ne. Wanda ya sayi shanun ya ce kaya ba su shiga hannunsa ba tukuna. Mu ma, gaskiya ɗaya ce, sai da muka ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce mana, wa ya musa? Amma in sa ya karye a hanya ai ba ma tsayawa a nan, zama muke yi a yi lissafi har a san wanda hasara ta hau.

Doka kuwa tana nan. Ƙasar nan tana da hukumar CNSS, wadda dattawa suka sani da OCSS, kuma dokar shekarar 2006 ta sa haɗarin wurin aiki cikin abin da take ɗauka. Maigida ya yi wa yaronsa rajista, ya riƙa zuba kashi 3 cikin 100 na albashi domin wannan fanni, ban da kason iyali da na fansho. In tsautsayi ya faɗa, a kai rahoto cikin awa 48, hukuma ta ɗauki magani da kuɗin kwanakin jinya, in nakasa ta tabbata a yanka masa abin da zai riƙa karɓa. A Nijeriya ma tun 2010 akwai irin wannan doka, kashi 1 cikin 100 ake ba NSITF. Mu nawa ne a cikinmu muka taɓa taka ƙofar ofishin?

Mun san abin da za a ce. Za a ce bin takarda a ofis sai mai haƙuri, kuma tun rikicin 2014 da ya watsa mu Chadi da Garwa Bulai jari bai koma yadda yake ba. Haka ne. Za a kuma ce yawancin masu lodi da 'yan kore aikin yini suke yi, yau suna wurin Alhaji wane, gobe sun bi garke zuwa iyakar Kamaru. Wannan ma haka ne, shi ya sa rajista kaɗai ba za ta wadatar ba.

Ra'ayinmu shi ne, duk yaron da ya shekara a hannun mutum a yi masa rajista, ba wani zagaye-zagaye. Su kuma 'yan yini, ƙungiya ta buɗe asusu, a cire sefa 200 a kan kowane sa da aka sayar, rabi daga mai saye rabi daga mai sayarwa, a ajiye a hannun mutum uku, kada a bar wa mutum ɗaya. Kafin a fara lodi a rubuta sunan duk wanda ya kama igiya, da sunan wanda ya sa shi. Kuɗin goron da muke rabawa a ciniki ɗaya ya fi haka.

Yaron namu yanzu yana takawa da sanda, amma likita ya hana shi ɗaukar ko jarkar ruwa. 'Ya'yansa huɗu. Mun sa shi yana rubuta mana lissafi a rumfa, kuma za mu zo da shi taron ƙungiya mai zuwa, ya zauna a gaba lokacin da za a karanta wannan shawara.