DAGA TSAKAR GIDA: Mu Dasa Lalle Kafin Damina Ta Wuce

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta, mu leƙa tsakar gida.

Da muka koma gidanmu na Omdurman a shekarar 2025, bayan gudun da yaƙin 15 ga Afrilu 2023 ya sa mu, mun tarar da abin da kowa ya tarar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Lemun tsami ya bushe, gwaiba ta zama itacen wuta, ful da wardin da muka saya da tsada a cikin tukwane kuwa ko alamarsu babu. Abu ɗaya ne ya jira mu, watau wani tsohon lalle da mahaifiyarmu ta dasa a gefen wurin alwala. Ya kakkaɓe ganye, ƙura ta rufe shi, har mun ɗauko gatari. Uwargida ce ta ce a ba shi ruwa tukuna. Ba a yi wata guda ba sai ga toho, da damina ta kankama kuma ya yi fure. Ranar da ƙamshin ya shigo ɗaki da almuru, ƙaramin ɗanmu ya tambaya wa ya fesa turare.

Tambayar nan ta tsaya mana a rai. Yaranmu sun san lalle a cikin leda, gari ne kore da ake sayowa a kasuwa, galibi na Damir da ke kusa da Atbara, wanda ya yi suna a duk faɗin Sudan. Sun san ƙunshin amarya, sun san daren lallen ango da maƙwabtanmu Larabawa ke ji da shi. Amma da yawansu ba su san cewa lalle itace ne mai fure ba. Furen ƙanana ne, farare, masu haɗuwa cunkus a kan reshe, kuma Larabawa na kiransa tamar hinna. Ƙamshinsa ya fi tashi da yamma, daidai lokacin da ake fito da gadaje tsakar gida.

Kuma lalle ba baƙo ba ne gare mu ta ko'ina. A ƙasar Hausa ana noma shi a fadamu da bayan gida tun kafin kakanninmu su biyo hanyar Makka, tun kafin jama'ar Mai Wurno su sauka a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903. Suka zo suka tarar da shi a nan ma. Itacen da ya saba da rana irin ta watan Mayu a Khartum, wadda ke haura digiri 40, ya fi cancantar ɗan ruwan da muke da shi fiye da furen da sai an yi masa rumfa.

To, yaya ake dasa shi? Hanya mafi sauƙi ita ce a roƙi reshe wurin maƙwabci. A yanko wanda ya ƙosa, mai kaurin fensir, tsawonsa kamar taƙi ɗaya ko ɗan fi, a zage ganyen ƙasa, a soka rabinsa a cikin ƙasa mai laima. A soka uku ko huɗu, don ba duka ke kamawa ba. Yuli da Agusta ne lokacinsa. Mai son shuka iri sai ya yi haƙuri, domin ƙwayar tana da taurin ɓawo, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwan kafin ta tsira. Mu dai reshe muka fi yarda da shi.

A zaɓa masa wurin da rana ke duka sosai. Lallen inuwa zanƙalewa yake yi, ba fure, ganyensa kuma ba ya kamu da kyau. Mutanen Omdurman da ƙasarsu ke da tsakuwa da yashi su haɗa da ɗan ruɓaɓɓen takin awaki. Na kudancin Khartum masu baƙar laka su zuba yashi, su ɗan tada wurin, don saiwarsa ba ta son kwanciyar ruwa. A watannin farko a ba shi ruwa kullum kaɗan-kaɗan. In ya kafu, ruwan alwala da ɗigon randa sun ishe shi, amma ban da ruwan wanki mai sabulu. A kewaye shi saboda awaki, a barbaɗa toka in an ga gara.

Kafin a sa fartanya, a duba wurin da kyau. Har yanzu ana samun harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a gidajen da aka yi faɗa. Duk baƙon ƙarfen da aka gani kada a taɓa, a janye yara, a sanar da hukuma.

Yanzu ga inda muke da ƙorafi kan iyayenmu mata, Allah ya ba su haƙuri. Lalle na yin toho sai a tsige shi tas don ƙunshi, shi ya sa gidaje da yawa suna da lalle amma ba su taɓa jin ƙamshinsa ba. Furen a kan sababbin rassa yake fitowa. In akwai fili a dasa biyu, ɗaya na ganye, ɗaya na fure. In babu, a riƙa ɗiba ta gefe guda. Ganyen a shanya shi a inuwa, a daka, a tankaɗe. Wanda aka daka a gida an san abin da ke cikinsa, ba kamar wanda ake gauraya da baƙin rinin gashi ba, wanda likitocin Khartum suka daɗe suna kuka da shi saboda ƙone fata da lalata ƙoda. Jarirai kuwa gara a ƙyale su, ko da lallen gida ne.

Namu ya ba da rassa goma sha biyu a bana, takwas sun kama, mun raba wa maƙwabtan da suka dawo. Ragowar muna kai su makaranta, kowane aji da nasa da zai riƙa shayarwa. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.