Wa ya tsara baitin?

Duk wanda ya kalli wasannin samariya na Tawa a zamanin bukin matasa na ƙasa, wanda aka fara a Damagaram a 1976, yana tuna rawar, yana tuna zabiyar da ta ba da waƙa. Amma a tambaye shi wa ya tsara baitocin, sai ya yi shiru. Wasu masana na cewa ba komai, wai al'adar Adar ta baka ce, alƙalami kashe ta yake yi. Wannan magana lalaci ne da aka naɗa wa rawani.

A dubi Italiya, inda aka haifi opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa daga farko har ƙarshe. A 1608 aka nuna Arianna a birnin Mantuwa: kiɗa na Monteverdi, baitoci na Ottavio Rinuccini. Kiɗan ya ɓace, in ban da kukan Arianna. Baitocin kuwa suna nan cif, domin an buga su a ɗan littafi ɗauke da sunan mai su. Da aka buɗe gidan opera na farko na masu biyan kuɗin shiga a Venis a 1637, irin wannan ɗan littafi ya zama abin da ɗan kallo ke saye ya tafi da shi gida. Shi ya sa har gobe ake sanin Striggio ne ya rubuta Orfeo na 1607, Busenello kuma Poppea na 1643. Rubutu bai hana kowa rerawa ba.

Ƙasar Hausa ma ba baƙuwar wannan hanya ba ce. Waƙoƙin Nana Asma'u sun rayu a bakin mata da kuma takardun ajami, da sunanta a kansu. Tawa ta san girmama mawaƙi, ga gasar da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu shaida. Me ya hana a girmama malamin makarantar da ya kwana yana auna baiti don wata ta rera?

Masu tsara waɗannan wasanni sun tsufa, kaset kuma na lalacewa. Wajibi ne ƙungiyoyin al'adu da malaman Hausa su je Illela, Bagga da Keita, su zauna gaban waɗanda suka rage, su rubuta, su sa sunan kowa a kan aikinsa. Kuma daga yau, kada ƙungiya ta hau dandali sai da rubutaccen wasanta a hannu.