Motar Gida: Idan Inji Ya Fara Ƙwanƙwasa, A Auna Kafin A Yanka

Yau za mu taɓo ƙarar da ke hana maigida barci, wato ƙwanƙwasar da ke fitowa daga can ƙasan inji, tana ƙaruwa idan an taka totur. Wani lokaci fitilar baƙin mai ma takan riƙa ƙyaftawa idan inji ya yi zafi yana silo. Duk wanda ya ji haka ya kashe mota nan take, domin tuƙin minti goma na iya mayar da ƙaramin gyara ya zama sayen sabon inji.

Tsakanin konrod da karanshaf akwai wasu siraran ƙarafa biyu masu kama da rabin zobe, waɗanda kanikawa ke kira metal. An bar 'yar tazara a wurin don mai ya shiga ya hana ƙarfe cin ƙarfe. A yawancin ƙananan motoci tazarar tana tsakanin milimita 0.02 da 0.07, kusan kaurin silin gashi ko ƙasa da haka. Idan mai ya yi ƙasa, ko ya daɗe ba a juye ba, ko famfon mai ya gaji, metal ya cinye, tazarar ta buɗe, sai konrod ya riƙa dukan karanshaf. Ƙarar ke nan.

Ido da yatsa ba sa gane wannan tazara, dole sai an auna. Akwai wani siririn zaren roba mai suna Plastigage da aka yi don wannan aiki. Bayan an juye mai an cire sam, bakanike zai kwance murfin konrod, ya goge wurin ya bushe, ya ɗora guntun zaren a kan karanshaf, ya mayar da murfin ya ɗaure da sifana mai auna ƙarfin ɗauri daidai yadda kamfanin motar ya ƙayyade. Kada a juya inji ko kaɗan. Idan aka sake buɗewa, za a ga zaren ya baje, sai a gwada faɗinsa da ma'aunin da ke jikin takardarsa. Idan ya baje sosai, tazarar ƙarama ce. Idan ya tsaya siriri, ta yi yawa.

Daga nan sai a auna karanshaf da maikiromita ta ɓangarori daban-daban. Idan yana nan sumul da zagayensa daidai, sabon metal mai lambar asali ya wadatar. Idan kuwa ya yi zane ko ya koma siffar ƙwai, sai an kai shi wurin masu yanka, a rage milimita 0.25 ko 0.50, abin da ake kira 010 da 020, sannan a sayo metal mai wannan lamba. Bayan an haɗa, a sake aunawa.

Akwai dabarun da ya kamata maigida ya ƙi. Zuba mai mai kauri yana rufe bakin ƙarar ne kawai, ciwon yana nan. Goge murfin konrod da fayil, ko cusa takarda a bayan metal, yana ɓata zagayen ramin. Haka nan kada a musanya murfin wani konrod da na wani. Kuma a tabbata an wanke ramukan mai, an duba famfo da rariyarsa, an sauya filta, in ba haka ba sabon metal ma bin sawun tsohon zai yi.

Saboda haka, kafin ka taɓa kuɗin cefane ko na makarantar yara, tambayi bakanikenka: "Maigida, nawa tazarar ta nuna?" Wanda ya auna zai faɗa maka lamba. Uwargida kuma, idan ke ce mai kai yara makaranta, ki riƙa zaro sandar awon mai ko sau ɗaya ne a mako, da safe kafin a tayar da mota.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah ya kiyaye hanya.