Kururuwa a Zamanin Waya: Wutar Neman Agaji da Jiragen Fadamar Haɗeja

A 'yan shekarun nan akwai wata gardama da masu jiragen teku na Turai da Amurka suke ta tafkawa, wadda in mutumin Haɗeja ya ji ta yana iya cewa ina ruwan biri da gada. Gardamar kuwa ita ce, shin har yanzu akwai bukatar jirgi ya riƙa ɗaukar wutar neman agaji, watau irin harsashin nan da ake cillawa sama ya kama da jar wuta don a hango daga nesa, tun da yake yanzu ga rediyo, ga tauraron ɗan'adam, ga kuma waya a aljihun kowa? Ni a ganina wannan magana ta shafe mu ƙwarai, ko da yake teku ta yi mana nisa, domin tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce wadda masu fito da masunta na ƙasar Haɗeja suka riga suka amsa wa kansu ba tare da sun yi shawara ba: sun ɗauka waya ta wadatar. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne amsar nan ba daidai ba ce.

Ya kamata mu fara da sanin ita wutar. Iri uku ce. Akwai wadda ake harbawa sama, ta tashi kamar mita 300, 'yar lema ta buɗe ta riƙe ta, tana saukowa a hankali tana ci na daƙiƙa 40 ko fiye. Akwai ta hannu, wadda mutum zai riƙe ta yi kamar minti 1 tana ci. Sa'an nan akwai ta hayaƙi, mai fitar da hayaƙi ruwan goro don amfanin rana. Dokar kiyaye rayuka a teku ta ƙasashen duniya, wadda aka fara tsarawa cikin 1914 aka kuma sabunta cikin 1974, ta wajabta wa babban jirgi ya ajiye guda 12 na harbawa sama kusa da ɗakin tuƙi, kowane ƙaramin jirgin tsira da ke jikinsa kuma a sa masa na harbawa 4, na hannu 6, na hayaƙi 2.

Masu cewa a yi watsi da ita ba maganar banza suke yi ba. Abu ne mai fashewa, yana ƙona hannu, yana iya ta da gobara a cikin jirgin da ake son ceta. Bayan kamar shekara 3 ya lalace, sai an sayi sabo, tsohon kuma ya zama alaƙaƙai, har ma masu tsaron gaɓar teku na Ingila sun daina karɓar lalatattun daga hannun jama'a tun ƙarshen 2022. Kuma in an harba, minti guda bai cika ba ya mutu. In ba wanda ya ɗaga kai a lokacin, shi ke nan an yi asara. Alhali kuwa tun 1999 manyan jirage suka koma kacokan kan tsarin kiran agaji ta rediyo da tauraron ɗan'adam, kuma akwai 'yar na'urar da in ta faɗa ruwa za ta aika da sunan jirgi da inda yake zuwa ga masu ceto. Saboda haka a Amurka an yarda mai ƙaramin jirgin shaƙatawa ya riƙe fitilar lantarki mai walƙiya da tuta ruwan goro a maimakon wutar.

To, duk da haka ba a cire ta daga dokar manyan jirage ba, kuma dalilin da ya sa ba a cire ta ba shi ne zuciyar maganarmu. Rediyo da tauraro suna kiran na nesa ne, wanda aka tanada musamman don ya saurara. Ita kuwa wuta tana kiran duk mai ido da ke kusa, ko ya san ka ko bai san ka ba, ko yana da na'ura ko ba shi da ita. Har ila yau, ko mai ceto ya zo ta hanyar rediyo, in ya iso wurin cikin duhu sai ya ga wani abu da idonsa kafin ya san inda zai miƙa hannu.

A nan labarin jirgin Titanic, wanda ya nutse ran 15 ga Afrilu 1912 da mutum wajen 1,500, yana da abin lura guda biyu. Jirgin da ya ji kiran rediyonsa, watau Carpathia, yana nesa da kamar mil 58, bai iso ba sai bayan jirgin ya riga ya nutse, ya tsinci mutum 700 da 'yan kai a cikin ƙananan jiragen tsira. Jirgin da ke kusa kuwa, Californian, mai kula da rediyonsa ya kashe na'ura ya kwanta. Ma'aikatansa sun ga wutar da Titanic ke harbawa, sun ƙirga ta, sun gaya wa shugabansu, amma ba a motsa ba. Wutar fara ce, kuma a zamanin kamfanonin jirage sukan harba wuta iri iri don su sanar da juna ko su wane ne. Ashe ke nan na'ura ba ta da amfani in mai saurare ya yi barci, alama kuma ba ta da amfani in ba a daidaita a kan ma'anarta ba. Daga baya ne aka tsayar da cewa jar wuta a teku ma'anarta ɗaya ce tak.

Yanzu mu dawo gida. Kogin Haɗeja, wanda kogin Kano da na Calawa suka haɗu suka haifa, in ya shigo ƙasar Haɗeja sai ya sami shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya rarrabu ya bazu. Wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya zama Burum Gana, wani kuma ya bi Marma ya zuba a tafkin Nguru. Tun da aka gina madatsar Tiga cikin 1974 da ta Calawa cikin 1992, ruwa ya daina ƙafewa ƙaf da rani a wurare da yawa, wannan kuwa ya ba ciyawar kacalla damar cinye hanyoyin ruwa. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale a wajajen Guri ko Kirikasamma ya san yadda take: ta fi mutum tsawo, ta yi duhu, jirgi biyu sai su wuce juna da 'yar tazara ba wanda ya ga wani. Daga Agusta zuwa Satumba kuma, in ambaliya ta zo kamar yadda ta zo cikin 2001 da 2010 da 2020 da 2022, hanyar mota a Auyo da Miga da Kafin Hausa takan koma hanyar jirgi, wanda bai taɓa riƙe filafili ba ya zama mai fito, mata da yara da buhunan hatsi da babura duk a ɗura su cikin jirgi guda.

Sakamakon wannan ba ɓoyayye ba ne. A farkon Janairu 2026 wani jirgi da ya taso daga Adiyani ta ƙaramar hukumar Guri zuwa Garbi ta Nguru, ɗauke da mutum sama da 50, ya kife bayan faɗuwar rana, aƙalla mutum 25 suka rasu. Kafin wannan, a ƙarshen Nuwamba 2021, an yi irinsa a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano, inda yawancin waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne. Ba na cewa usur ko fitila za su hana jirgi kifewa. Abin da ke kifar da jirgi a wurinmu sananne ne: lodi fiye da kima, tsufan katako, tafiyar dare wadda Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa ta haramta amma ba a fasa ba, sa'an nan ga rashin rigar ruwa, wadda ita ce gaba da kome. Amma bayan jirgi ya kife akwai 'yan mintoci da ake iya ƙwato rai a cikinsu, kuma a kan waɗannan mintoci nake magana.

A cikin mintocin nan me waya za ta yi? Da fari dai tana cikin aljihu, aljihun kuma yana cikin ruwa. In ma ta tsira, sai a sami sabis, wanda ba ko'ina yake ba a tsakiyar fadama. In an samu, wa za a kira? Mutum yakan kira ɗan'uwansa ne, ɗan'uwan kuwa wataƙila yana kasuwar Gujungu ko ma yana Kano. In an kira lambar gaggawa ta 112, mai ɗauka zai tambayi wurin, wurin kuwa ba shi da suna sai wanda masunta suka laƙaba masa, mai agajin da zai taso daga gari kuma ba zai iso ba sai don neman gawa. Alhali a daidai lokacin akwai masunci a bayan kacalla yana duba komarsa, wanda ya fi kowa iya ruwa, yana da jirgi, yana da gora, amma ba wanda ke da lambarsa. Wannan masuncin shi ne Californian ɗinmu. Ba na raina waya. Ita ce ke sanar da dagaci, ita ke kiran motar asibiti, ita ke kai labarin an saki ruwa daga Tiga kafin ruwan ya iso. Aikinta daban ne kawai.

Abin mamaki shi ne kakanninmu sun san wannan bambanci, harshenmu ma ya adana shi. Bahaushe ya raba tsakanin kira da kururuwa. Kira na mutum guda ne, da sunansa. Kururuwa ba ta da suna, duk wanda ya ji ta ta hau kansa, in kuwa ya ji ya yi zamansa to abin kunya ne da za a daɗe ana goranta masa. Akwai yekuwa, wadda wani ke karɓa daga bakin wani har ta game gari. Akwai gangami, wanda asalinsa kiɗa ne na tara jama'a in wani babban abu ya faru, ko da yake yau in an ce gangami sai hankali ya tafi ga taron 'yan siyasa. Akwai kuge, akwai ƙaho. Yaro ma yana iya bambance kiɗan biki da kiɗan da ke cewa a fito. Watau muna da cikakken tsari na alamu wanda kowa ya yarda da ma'anarsa, irin abin da Turawa ba su kammala daidaitawa a teku ba sai da suka yi asarar rayuka. Mu kuwa muna da shi muka sake shi, ba mu kuma maye gurbinsa da kome ba sai lambobin waya.

Shin sai mu sayo wutar Turawa ke nan mu raba wa masu fito? Ni ban goyi bayan haka ba. Da kuɗin waje ake sayenta, bayan shekara 3 kuma a sake saye. Jiragenmu na katako ne, sau da yawa da jarkar fetur a ciki. Da rani kacalla busasshiya ce, ga tarin shinkafa a gaɓa, ga rufin ciyawa. Harsashi guda in iska ta karkatar da shi ya isa ya cinye ƙauye. Bugu da ƙari, a halin tsaron da Arewa ke ciki, ƙara da jar wuta a sama cikin dare sun fi kusa da sa mutane su gudu da su sa su kawo gudummawa. Wutar ta dace da teku, inda ba abin da zai kama kuma ba abin da ke tare ido.

Abin da ya dace da fadama shi ne sauti tukuna, sa'an nan haske, domin kacalla da hazon hunturu suna tare gani amma ba sa tare ji. Usur irin na alƙalin wasa, a rataye a wuyan mai fito, ba ya bukatar caji, ruwa ba ya kashe shi, ƙararsa ta fi murya nisa, wanda ya gaji har ba ya iya ihu kuma yana iya busa shi. Ba banza ba dokar teku ta ce kowace rigar ruwa a ɗaura mata usur da 'yar fitila. Sai tocila mai ƙarfi wadda ba ta shan ruwa, a ɗaure ta a kan gwangwala don ta ɗara ciyawa tsawo. Kada mai karatu ya ga kamar waɗannan ƙauyanci ne. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972, a jerin alamun neman agaji, sun sa har da busa ƙaho ba ƙaƙƙautawa, da kunna wuta a cikin ganga a kan jirgi, da miƙe hannuwa biyu ana ɗagawa ana saukewa a hankali, kafaɗa da kafaɗa da na'urorin tauraro.

Sai dai kayan ba su ne wahalar ba, yarjejeniyar ita ce aikin. Tilas a tsayar da busa guda ɗaya wadda ma'anarta jirgi na nutsewa, misali busa uku uku ana maimaitawa, a kuma tsayar da amsarta don wanda ke cikin ruwa ya san an ji shi ya daure. Tilas busar ta zama iri ɗaya daga Ringim har Nguru, domin masunta ba su san iyakar jiha ba, akwai Bade akwai Mangawa akwai Hausawa a ruwa guda. Wannan ba aikin Abuja ba ne. Aikin sarakunan ruwa ne da shugabannin masu fito, Masarautar Haɗeja ta tara su, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Jigawa ta sayi kayan. A kowane babban mashigi a ajiye jirgi guda wanda ba ya ɗaukar fasinja bayan la'asar, da wanda ke zaune kusa da shi yana saurare. Masallacin da ya fi kusa da gaɓa a yarda ladaninsa ya ɗauki lasifika ya yi yekuwa da zarar an ji busar, a kuma tanadar masa batir don kada rashin wuta ya hana. Yara kuwa a hana su wasa da wannan busa, duk wanda ya yi ta da gangan ba dalili dagaci ya ci shi tara, don in aka saba jin ta a banza ranar gaskiya ba mai tashi. Lokacin yin wannan zama shi ne bazara, cikin Afrilu ko Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya kuma mutane ba su duƙufa ga noma ba, yadda kafin ruwan Agusta ya iso kowane mashigi ya riga ya gwada busarsa sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare, an ga iyakar inda take kaiwa.