Taransfoma Ba Fiyus: Kyauta Ko Tarko?

'Yan uwana matasan Wurno, Rabah da Goronyo, mu daina tafi don kawai an sauke taransfoma ana kiɗa.

Wadda aka kawo unguwarmu lokacin kamfen, damina ɗaya ta yi ta ƙone. Fiyus ɗinta ne ya tsinke, wani gwani ya ɗaura waya mai kauri a madadinsa. Alhali shi fiyus an yi shi ne ya ƙone don taransfoma ta tsira.

Haka na'urar rile take a babbar tasha. Da waya ta faɗo, ko wuta ta wuce kima, ita ke sa bireka ta yanke layin nan take. In ta lalace, wayar 11kV na kwance kan hanyar gona da wutarta. Yaro ya taka, sai jana'iza.

Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. To wane uzuri ya rage?

Duk ɗan takarar da ya kawo taransfoma, wallahi ko namu ne, mu tambaye shi: ina fiyus? Ina na'urar kare tsawa? Wa zai riƙa dubawa? In ya yi shiru, hoto ya zo ɗauka.